Daga Garwa Zuwa Gangaren Mbe: Tafiyarmu Wurin Masu Ceton Matafiya

Maƙwabcinmu a Kano, wani dattijo da ya ci ƙuruciyarsa yana jan tirela daga Ngaundare zuwa Njamena, shi ya fara ba ni labarinsu. Ya ce a kan titin da ya haɗa Garwa da Ngaundare akwai wasu bayin Allah da ba gwamnati ce ta ɗauke su aiki ba, ba kuma mai biyansu ko dala, amma duk ranar da mota ta faɗi su ake fara gani a wurin. Su ne suka zaro ƙaren motarsa daga ƙarƙashin kaya a shekarun baya. Ni kuwa sana'ata haɗa dokumentari, fim ɗin da ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa, don haka maganar ta zauna mini a rai, har sai da na samu wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran mota a Garwa wanda ya san shugabansu. Shi ya yi mana ɗawainiyar takardar izinin ɗaukar hoto daga hukumomin can kafin mu taso.

Mun bar Kano bayan sallar asuba a tsakiyar bazara, ni da mai kyamara da mai ɗaukar sauti. Muka bi ta Gombe da Numan, muka kwana a Jimeta, inda muka canji kuɗi: damin naira ya koma 'yan takardun sefa da ba su cika aljihu ba. Da safe muka kama hanyar Belel, ƙura da gargada har bakin iyaka.

Kamaru ba ta cikin ECOWAS, amma ɗan Najeriya yana shiga ba biza har tsawon kwana 90, muddin yana riƙe da fasfo da katin rigakafin shawara. Mu ba fasfo ne ya tsayar da mu ba, kayan aiki ne. Jami'an duwan, wato kwastan, suka sa muka baje komai a kan benci, suka rubuta lambar kyamara da gilasanta da na'urar sauti ɗaya bayan ɗaya, suka ce da wannan takardar za mu fita ranar komawa. Jirgin ɗaukar hoto daga sama kuwa tun a gida Alhaji ya gargaɗe mu kada mu zo da shi, saboda yanayin tsaron arewacin ƙasar. A kowane shinge tsakanin iyaka da Gashiga har zuwa Garwa, sai jandarma ya karɓi takardar izinin, ya karanta ta a tsanake, ya dube mu. A wani shingen da na ce wa babbansu, "Shef, masu ceton 'yan haɗari muka zo ɗauka," sai ya miƙo mini takardar da hannu biyu, ya ce da Hausarsa mai karyewa, "Ku je, mutanen nan suna taimakonmu."

Zafin Garwa ya wuce yadda ake ba da labari. Garin yana cikin kwarin kogin Binuwai, iska ba ta motsi, kafin azahar ƙarfen kyamara ba ya taɓuwa. Gari ne mai faɗin tituna da itatuwan darbejiya, mahaifar Ahmadu Ahijo, shugaban ƙasar na farko wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982, kuma a filin wasansa na Rumde Ajiya aka buga wasu daga cikin wasannin cin kofin Afirka a farkon 2022. Fillanci ne harshen kasuwa, Faransanci na ofis, amma a tasha da wurin mahauta da masu canji Hausa ba ta bar mu cikin duhu ba ko sau ɗaya. Muka kama ɗaki mai fanka a wani masauki kan sefa 7,000 a kwana. Abinci dai Alhaji ya hana mu saya: kullum da dare sai ga kwanuka daga gidansa, tuwon dawa da miyar yakuwa, wani lokacin da giwan ruwa daga tafkin Lagdo. Da safe mu sayi dogon burodin nan nasu mai ɓawo, a tsaga shi a zuba wake, mu kora da shayi.

Washegari Alhaji ya kai mu wurinsu, wata rumfar kwano kusa da tashar motocin kudu. Shugaban tsohon direban bas ne, farin gemu, kowa Baba yake ce masa. Sauran kuwa kowa da abin da yake ci da iyalinsa: akwai 'yan acaɓa, akwai mai faci, tela, mahauci, da wata Hajiya da ta yi ritaya daga aikin jinya. Wasunsu sun samu horon agajin gaggawa a wurin ƙungiyar Red Cross ta Kamaru, su kuma suka koya wa sauran. Motarsu tsohuwar Hiace ce da aka cire wa kujerun baya aka shimfiɗa katifu biyu masu rigar leda.

Na roƙi Baba ya buɗe mana akwatin aikinsu a gaban kyamara, ya buɗe yana ɗaga kowane abu yana bayani. Safar hannu, bandeji, auduga, babban almakashi na yanka tufafi. Filayen katako masu santsi na ɗaure karaya, waɗanda wani kafinta ya fere musu kyauta. Kwali da aka yanka daidai wuyan mutum, aka naɗe da tsumma, telan cikinsu ya ɗinke bakinsa, don tallafe wuyan wanda ake zargin ya karye a gadon baya. Sai jak ɗin mota, zarton ƙarfe, ƙarfen ɓamɓare taya, tocila. A can ƙasa akwai zannuwa wankakku a ninke. Hajiya ta ce, "Ɗana, mace idan mota ta yi jifa da ita, abin da take fara lalube zaninta ne, tun kafin ta san inda ta ji ciwo. Waɗannan nawa ne, ni nake wanke su."

Babbar matsalarsu mai. Arewacin Kamaru ta daɗe tana dogaro da fetur ɗin da ake tsallakowa da shi daga Najeriya, wanda ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titi, wanda suke kira zuwa-zuwa. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023 farashinsa ya tashi, asusun da direbobi da 'yan kasuwa ke jefa wa sadaka ya daina isa. Baba ya ce akwai daren da aka kira su, mota na tsaye, tanki ba ko ɗigo, sai da 'yan acaɓa suka zuƙo na baburansu suka haɗa. Ban taɓa tunanin abin da aka yanke a Abuja zai iya jinkirta isa ga wanda ke zubar da jini a bayan Garwa ba, amma ga shi na ji daga bakin wanda abin ya faru a hannunsa.

Ba wai ƙasar ba ta da masu wannan aiki a hukumance ba. 'Yan kwana-kwanan Kamaru sojoji ne, ana kiransu a lamba 118, kuma su ke da kayan yanka ƙarfe na zamani. Sai dai a manyan garuruwa suke, tsakanin Garwa da Ngaundare kuwa tafiyar kusan kilomita 280 ce, yawancinta daji. Kafin motarsu ta iso tsakiyar hanya, wanda jijiyarsa ta tsinke ya riga ya tafi. Wannan giɓin su Baba suke toshewa, shi ya sa suka baza mutanensu a ƙauyukan bakin titi, suka kuma raba lambar wayarsu ga masu shayi da masu sayar da itace da gawayi, domin su ne kunnen hanya.

Kafin ya yarda mu bi su, Baba ya kafa mana sharaɗi. Ya ce ba za a nuna fuskar wanda ya ji rauni ko ya rasu ba, domin uwarsa ba za ta fara ganinsa a waya ba. Ya kuma ce, "Idan hannu ya yi ƙaranci, Malam, ka ajiye wannan abin naka ka kama." Na amsa ba tare da gardama ba, don abin da ya faɗa shi ne daidai.

Muka ɗauki hanyar kudu da motar haya, Baba na gaba. Bayan gadar Binuwai akwai shingen biyan kuɗin hanya, sefa 500 kowace mota, mata da yara sun kewaye shi da gyaɗa da dafaffen ƙwai da ruwan sanyi. Wannan ita ce babbar hanya ta ɗaya ta ƙasar, wadda ta taso daga Yawunde ta ratsa Ngaundare, Garwa da Marwa har Kusiri, inda gada ta haɗa ta da Njamena. Chadi ba ta da teku, don haka da yawa daga cikin kayanta da ke sauka a tashar jiragen ruwan Duwala ta nan suke bi. Tankokin mai, kwantenoni, motocin auduga, motocin shanu, bas-bas na matafiya, babura masu goyon mutum uku, duk a titi ɗaya mai hannu biyu. Muka wuce Ngong, muka yi ta tafiya a gefen gandun dajin Binuwai, birai na zaune a bakin kwalta ba ruwansu da mota. Abin da ya hana ni sakewa shi ne yadda Baba ke nuna wurare da yatsa. Wannan kwanar, bas ta taɓa ƙonewa. Wancan kwalbatin, tankar mai ta kife, suka sha fama da mutanen da suka taho da bokitai kwasar fetur. Shi hanyar duk a haka ya haddace ta.

A Mbe, garin da ya yi suna wajen doya, muka sauka a gidan wani ɗan ƙungiyar, mai faci, wanda ya ba mu shagonsa da tabarmi. Daga nan gangaren yake farawa. Ngaundare tana bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga doron teku, Garwa kuwa tana can ƙasa a kwari, kuma babban rabon wannan bambancin a nan ake hawansa ko saukarsa, cikin kwane-kwane a jikin dutse. Mai hawa yana jan jiki da giyar farko, ƙaren mota na biye a ƙasa riƙe da guntun katako don ya tokare taya idan injin ya gaza. Mai sauka shi ne abin tsoro. Wani direba da muka yi hira da shi a wurin mai shayi ya yi mana bayani dalla-dalla: mota mai nauyi da giya ake sauko da ita, ba da birki ba. Wanda ya dogara da birki, tun kafin rabin gangaren ƙarfen ya yi zafi ya daina kamawa. Wasu kuma, don su rage shan mai su samu na cefane, sai su cire giya su bar mota ta gangara da kanta. Ya ce, "Mai mota ya auna maka mai daidai wa daida, ya ɗora maka kaya fiye da ƙima, ya ce gobe kana Kusiri. To ka gaya mini yaushe za ka yi barci."

Mun yi kwanaki muna ɗaukar horo da hirarraki kafin kiran ya zo. Da yammaci ne, bayan ruwan farko ya sauka a kan dutsen ya jiƙa ƙurar da man da suka taru a kwalta duk rani. Wayar mai faci ta yi ƙara, wani mai gawayi ne: tirela ta ƙwace, ta daki ƙaramar bas ta baya, ta tura ta rami. 'Yan Mbe ba su da motar asibiti, keke mai ƙafa uku gare su, sai akori-kurar wani ɗan kasuwa da ya ce a ɗauka duk lokacin da buƙata ta taso, ko da tsakar dare.

Mun tarar da mutane sun riga sun taru, kowa na son taimako, kuma a nan na ga ainihin aikin waɗannan mutane. Kafin su taɓa kowa, wani matashi ya ruga sama da kwanar riƙe da tocila yana zuba rassan itace a titi, don kada wata motar ta sauko ta afka wa taron. Wani ya cire kan batirin bas ɗin, ya hana kowa kunna taba. Baba kuwa ya ratsa tsakiya yana ɗaga murya da Fillanci da Hausa: "Kada a ja kowa! Kada a ba kowa ruwa!" Akwai wani bawan Allah da ya kama hannuwan wani yaro da kujera ta danne yana ja da iya ƙarfinsa, da zuciya ɗaya yake yi, amma da an bar shi da ya ƙarasa abin da mota ta fara. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan'uwa, zo ka riƙe mini kansa, kada ka bari ya motsa." Bai kore shi ba, aiki ya ba shi. Daga baya ya gaya mini cewa taron jama'a ba ya koruwa, sai dai a raba masa aiki.

Ya ce da yaransa, "Mai ihu yana da numfashi, ku fara neman wanda ya yi shiru." Wanda ya suma amma yana numfashi suka kwantar da shi ta gefe a hankali, mutum uku a tare, kai da wuya da jiki suna juyawa lokaci ɗaya, don kada amai ko jini ya shaƙe shi. Da jak da ƙarfen taya aka ɗaga kujerar da ta danne yaron. Wani ɗan ƙungiyar yana tattara wayoyi da jakunkuna a buhu ɗaya, yana rubutawa a gaban shaidu biyu, domin a irin wannan wuri ba a rasa mai dogon hannu, kuma jandarma za su buƙaci lissafin komai.

Hannu ya yi ƙaranci kamar yadda Baba ya faɗa. Aka nuna mini wani saurayi da ƙarfe ya yanke a cinya, aka ɗora mini tsumma a hannu aka ce in danna da dukkan nauyina, kada in ɗaga don in duba, idan ya jiƙe in ƙara wani a kai. Jininsa da ɗumi yake bi ta tsakanin yatsuna. Larabcin Chadi yake yi, ban ji ba, sai kalmar shahada da muka haɗu a kanta, ina faɗa yana maimaitawa. A haka muka hau bayan akori-kurar, a haka muka haura dutsen har asibiti a Ngaundare, hannuna bai bar wurin ba sai da ma'aikaciyar jinya ta karɓe ni. Mai kyamararmu ya cika alkawari: abin da ya ɗauka hannuwa ne, da ƙafafu cikin taɓo, da bayan mutane, da hasken tocila. Da muka duba daga baya, babu abin da hoton ya rasa don ba a ga fuska ba.

Saurayin ya rayu. Wani dattijo mai fataucin shanu da ke kujerar baya bai rayu ba, Allah ya jiƙansa.

Daren nan na kwana ina tuna gida. Mu ma muna da 'yan agaji na Jama'atu da na Izala da sauransu, muna da hukumar kiyaye haɗura tun 1988 da lambarta 122, kuma dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Duk da haka sau nawa muka ga an kewaye wanda mota ta buge a hanyar Zariya ko ta Wudil, wayoyi a sama ana ɗauka, kowa na tsoron kada a ce shi ya buge shi, ko a riƙe shi a ofishin 'yan sanda? A Kamaru ma tsoron yana nan, nasu ya fi karkata ga tambayar wa zai biya. Baba ya ce ya sha ajiye katin ɗan ƙasarsa jingina a wani asibiti kafin a fara ɗinke baƙon da bai san ko sunansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. A ganina, da za a koya wa kowane ɗan acaɓa da mai shayin bakin titi abin da na ga an yi a gangaren nan, danne jini, tallafe wuya, kwantar da sumamme ta gefe, da an rage wannan adadin tun kafin a sayi sabuwar motar asibiti ko ɗaya.

Ngaundare sanyi gare ta, har sai da muka nemi bargo a masaukin da muka kama kan sefa 6,000. Nan layin dogo daga Yawunde ya tsaya tun 1974, shi ya sa bakin tashar jirgin ke cike da manyan motoci masu jiran kayan Chadi. Kilishinsu ya cancanci sunan da ya yi. Amma ba yawon gari ne ya cinye mana safiyar ba, neman dangin mamacin ne.

Wayarsa a kulle take. Suka cire layin suka sa a wata wayar, suka samu lambobi kaɗan. Baba ya nemi mu kashe kyamara, ya bar mana sauti kawai, shi ma da sharaɗin ba za a ji muryar wancan ɓangaren ba. Mace ce ta ɗauka. Ya yi mata sallama, ya tambayi lafiyar gida da yara, sannan ya ce, "Hajiya, akwai babba namiji kusa? Ina da saƙo daga hanya." Da aka ba ƙanen mamacin, bai faɗa masa kai tsaye ba. Ya ce an yi haɗari, ɗan'uwansa na ciki, jikin ya yi tsanani; ya saurara har sai da mutumin da kansa ya ce, "Ya cika ko?" Sannan Baba ya yi masa ta'aziyya. Dangin suna nesa, ba za su iso a ranar ba, suka ba da izini a yi masa sutura a nan. Bayan hukuma ta gama nata binciken ta saki gawar, aka yi masa wanka, aka sallace shi bayan azahar, sahu ya cika da direbobi da mahauta da mutanen unguwa da ba su taɓa ganinsa da rai ba.

Baba yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta irin waɗannan baƙi da ajami: ranar, wurin, kamannin mutum, abin da aka samu a aljihunsa, da inda aka binne shi. Ya ce akan yi shekara sannan wani ya zo daga Najeriya ko Chadi ko Afirka ta Tsakiya yana cigiyar ɗan'uwansa, sai a buɗe littafin a raka shi kabarin. Telan cikinsu, da na tambaye shi yadda yake ji bayan irin wannan rana, ya ce yakan yi kwanaki ba ya iya cin nama, kuma matarsa ta san idan ya dawo ya zauna a kan keken ɗinki cikin dare ba ta yi masa magana.

Mun koma Garwa a bas kan sefa 5,000 kowannenmu, direban ya sauko gangaren da giya, a hankali, ina jin kukan injin ina gode wa Allah. Muka yi sallama da Alhaji, wanda ya ƙi karɓar ko sisi, muka zuba abin da ya rage mana na sefa a asusun mai. A iyaka jami'an duwan suka fito da takardar ranar shiga, suka ƙirga kayanmu, suka cika, muka wuce Yola.

Ranar rabuwa Baba ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce babban fim ɗin mu kai shi duk inda za mu kai, amma mu yanko masa wurin da ake nuna yadda ake danne jini da yadda ake ɗaga wanda ya karye, gajere yadda zai shiga WhatsApp, da Hausa da Fillanci da Larabcin Chadi, don ya tura wa direbobi da 'yan acaɓa. Shi muka fara haɗawa da muka isa Kano. Na Hausa da na Fillanci sun tafi, na Larabcin muna jiran wani ɗalibi ɗan Njamena da ke karatu a nan ya gama jarrabawa ya zo ya ɗora murya.